Wa Ya Zauna, Wa Ya Wuce: Sojan Faransa da Iyalinsu a Ƙasar Gure

Tun da sojan Faransa na ƙarshe suka tattara nasu-ya-nasu suka bar Nijar a watan Disamba na 2023, hirar zamanin Nasara ta dawo sabuwa fil. Ana yin ta a fadar samari wajen shan shayi, ana yin ta a rediyo, ana tura ta a waya. A cikin hirar akwai wani ruɗani da ke yawan dawowa. Wasu na magana kamar Turawa sun taɓa yanke gonaki a ƙasar Damagaram, sun zauna da matansu da 'ya'yansu suna gadin su da bindiga, irin yadda aka yi a Aljeriya. Wasu kuma na cewa ai Bafaranshe bai bar kowa a nan ba, ya zo, ya ci, ya kaɗe riga ya tafi. Tarihin Gure, garin da ke wajen kilomita 160 gabas da Zindar a kan hanyar Diffa, ya nuna duka maganganun biyu sun kauce. An zauna kam, amma ba wanda ake zato ne ya zauna ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Mulkin mallaka shi ne wata ƙasa ta ƙwace ragamar wata, ta karɓi haraji, ta naɗa, ta tuɓe. Ba dole ba ne mutanenta su ƙaura su dawo can da zama. Ɗan kama-wuri-zauna, wanda Faransawa ke kira kolon, shi ne wanda ya taso daga ƙasar masu mulkin, aka ba shi fili, ya gina gida, ya yi niyyar a binne shi a nan kuma 'ya'yansa su gaji filin. Idan irin waɗannan baƙi suka haɗa kansu suka ɗauki makami don tsare dukiyarsu, alhali ba soja ne na albashi ba, wannan rundunar ita ce milis, wato 'yan sa-kai. Hafsan milis manomi ne ko ɗan kasuwa da rana, sai an buga ƙararrawa ya rataya bindiga.

Abin da ƙasar Gure ta sani daban ne. Akwai kumandan, Baturen da ke riƙe da sarkal, wato yankin mulki da ya tattara kantuna da yawa, kowane kanto da sarkinsa. A ƙarƙashinsa akwai tiraye, sojan ƙasa baƙar fata na rundunar da gwamnan Faransa Faidherbe ya kafa a Senegal a 1857. Ana ce musu 'yan Senegal ko da yawancinsu daga wasu ƙasashen aka ɗebo su. Akwai garda-sarkal, masu tsaron bariki da kurkuku da rakiyar kuɗin lanho, wato haraji. Akwai gumiye, masu sintiri a kan raƙumi a ƙasar makiyaya, sunansu daga Larabci ƙaumu. Sai fartizan, mutanen ƙasa da ake ba bindiga na ɗan lokaci idan an tashi wani yaƙi, a sallame su idan an gama. A duk jerin nan, gumiye da fartizan ne suka fi kama da 'yan sa-kai, kuma babu Bature a cikinsu sai mai ba da oda.

Inda aka yi abin na gaske

Wanda ke neman ainihin ɗan kama-wuri-zauna mai riƙe da rundunar sa-kai, sai ya haura arewa. Faransa ta shiga Aljeriya a 1830, kuma Janar Bugeaud ya yi ta wa'azin a ci ƙasar da takobi da garma tare, a zaunar da tsofaffin soja su zama manoma. Kafin 1954 Turawan Aljeriya sun kai wajen miliyan ɗaya, da garuruwansu da gonakin inabinsu da maƙabartunsu. A watan Mayu na 1945, a garin Gelma, rundunar sa-kai ta waɗannan Turawa ce ta yi wa Musulmi kisan gilla. A Kenya kuma, Lord Delamere ya samu fili eka 100,000 a farkon shekarun 1900, aka kuma keɓe tuddan ƙasar masu ni'ima ga Turawa zalla. A irin waɗannan wurare rikicin 'yanci ya zama rikicin fili, shi ya sa ya yi jini sosai.

Gure kafin zuwansu da bayan zuwansu

Gure ba Nasara ne ya kafa ta ba. Hedkwatar ƙasar Muniyo ce, ƙasar Mangawa, wadda ta daɗe tana biyayya ga Barno. A watan Disamba na 1852 Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya sauka a garin ya gana da sarkin ƙasar, Muniyoma Koso, ya tarar da gari babba a gindin dutse, da fada da dawakai. Bayan haka, a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, Damagaram ta yi ƙarfi da bindigogi da igwa har ta haɗiye Muniyo. Saboda haka faɗuwar Zindar, hedkwatar Damagaram, ita ce ta buɗe wa Faransa ƙofar Gure.

An kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zindar a watan Mayu na 1898. A shekara mai zuwa ayarin Voulet da Chanoine ya taso daga yamma yana ƙone garuruwa, ciki har da Birnin Ƙonni. Yana da kyau a tsaya a dubi wannan ayari, don a cikinsa ake ganin siffar duk abin da ya biyo baya. Turawan cikinsa ba su kai goma ba. Sauran ɗaruruwan masu bindiga baƙaƙe ne, kaɗan ƙwararrun soja, mafi yawa 'yan haya da aka ɗebo a ƙasar Bambara da Mosi. Bayansu ga 'yan dako, ga mata masu yawa da aka kamo a hanya aka raba wa soja. Da abin ya ƙazanta, bayan an harbe Kanar Klobb, wanda aka turo ya tsayar da ayarin, a Ɗankori ranar 14 ga Yuli 1899, waɗannan baƙaƙen sojan ne suka harbe Chanoine da Voulet, kaburburansu na Maijirgi. Ragowar ayarin ya ci sojan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga a watan Satumba, aka ɗora Amadu ɗan Bassa. Da Joalland, ɗaya daga hafsoshin ayarin, ya nufi Tafkin Cadi a watan Oktoba, sai ya bar Saje Bouthel ya riƙe Zindar. Saje ɗaya tak, da baƙin soja.

A farkon shekarun 1900 aka kafa bariki a Gure, garin ya zama hedkwatar sarkal, mashigar gabas zuwa Ngigmi da Bilma, wadda aka mamaye a 1906. Ayarin Kyaftin Tilho mai shata iyaka da Ingilishi ya ratsa yankin tsakanin 1906 da 1908, kuma tafintansa Landeroin ya rubuta tarihin masarautun ƙasar daga bakin dattawa, ya kuma wallafa ƙamus na Hausa a 1910. Zindar ta zama babban birnin yankin sojan Nijar a 1911, sai a 1926 aka mayar da shi Yamai.

Me ya hana Nasara zama

Ba doka ce ta hana ba. Dokar 23 ga Oktoba 1904 ta ce duk filin da babu mai shi na gwamnati ne, kuma da ita aka ba Turawa gonakin koko da kofi da ayaba a Kodebuwa da Gini. Abin da ya hana a Gure shi ne lissafi. Ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, wata shekara ma ya gaza. Arzikin ƙasar gero ne a jigawa, dabbobi a daji, da kwaruruka masu dabino da kanwa da gishiri a tsakanin tuddan rairayi, sai ƙaro. Duk waɗannan abubuwa ne da ɗan ƙasa ya iya, kuma ribarsu ba ta isa ta ɗauke wa Bature kuɗin zama ba.

Ga kuma nisa. Teku ya fi kilomita 1,000, kuma jirgin ƙasan da ya fi kusa na Ingilishi ne: ya iso Kano a 1911, ya ƙarasa Nguru a 1930. Fata da ƙaro da dabbobin Muniyo kudu suke gangarawa, su bar wa Faransa ƙura. Shi ya sa har zuwa yaƙin duniya na biyu Turawan Nijar baki ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, mafi yawansu soja da ma'aikata, sai wakilan kamfanoni irin su CFAO da SCOA a manyan garuruwa. Hafsa kan yi wajen shekara biyu a wuri a ɗauke shi. Kafin ya gama gane bambancin ƙabilun yankin, Bamange da Badagire, wani ya zo ya gaje shi.

Wanda ya zauna

A duba farfajiyar bariki ranar ƙidaya. Kumandan na zaune a inuwa da littafi a gabansa, ba ya jin Barbarci, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Mai gari na tsugune da jerin sunayen magidanta a ka. Tsakaninsu tafinta ne a tsaye, shi ke juya magana yadda ya ga dama. A bakin ƙofa ga garda da jar hula da bulala, shi ya je ƙauye ya taso mutanen, shi aka yanka wa kaza a can, shi kuma zai raka wanda aka ɗaure. A ƙarƙashin dokar da ake kira andijena, kumandan na iya ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba, amma wanda ya kawo ƙarar, wanda ya fassara ta, da wanda ya zartar da ita, duka baƙaƙe ne. Talakan Muniyo zai iya shekara bai ga Bature ba. Garda kuwa yana ganin sa duk lokacin lanho, duk lokacin aikin tilas, duk lokacin ɗibar soja.

Waɗannan mutane su ne suka kama wuri suka zauna. A farkon zamanin da yawansu daga Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da Senegal da ƙasar Mosi suka fito, malaman ofis da na makaranta kuma sau da yawa daga Dahome. An fi ɗaukar garda daga cikin tsofaffin tiraye. Da yawa daga cikin tiraye na farko bayi ne da aka fanso ko aka miƙa a madadin 'ya'yan gida, saboda haka idan an sallame su babu garin da ke jiran su. Sai su yi aure inda aiki ya ajiye su, su karɓi fili a gefen gari, matansu su kama sana'ar abinci da ƙananan saye da sayarwa, Hausa ta zama harshen gidan ko da uba Babambare ne uwa Bamangiya. 'Ya'yansu na cikin waɗanda suka fara shiga lakwal a lokacin da sauran jama'a ke ɓoye nasu a rumbu, kuma daga cikinsu aka samu malamai da ma'aikatan jinya da sojan farko na bayan 'yanci.

Kusanci da Nasara bai zama garkuwa ba. A 1906, da aka yi zargin ana ƙulla makircin kashe Turawan Zindar, ba Sarki Amadu ɗan Bassa kaɗai aka tuɓe aka kai Kodebuwa ba. An haɗa da attajiri Malam Yaro, wanda ya taimaki Faransawa tun zuwansu, da tafinta Ali Diallo. A yaƙin Kawusan kuma, lokacin da aka yi wa Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, baƙin soja ne aka tura daga Zindar, Ingilishi suka taimaka daga Kano.

Auren bariki da 'ya'yan da aka bari

Kafin yaƙin duniya na ɗaya da wuya a ga Baturiya a wannan yanki. Hafsoshi suna ɗaukar matan ƙasa, abin da suke kira aure irin na ƙasa, matar kuma su ce mata muso, wato mace da Bambaranci. Ba a ɓoye ake yi ba: wani littafin jagora da Dakta Barot ya wallafa a 1902 ya shawarci Bature ya yi hakan don lafiyarsa da koyon harshe. Wani lokaci ana biyan sadaki ta hannun sarki, wani lokaci baiwa ce aka bayar kyauta, wani lokaci kamu ne kawai. Dokar Faransa ba ta san da auren ba. Ranar da takardar canji ta zo, maigida ya hau doki, matar ta koma gidan iyayenta ko a miƙa ta ga wanda ya gaje shi.

'Ya'yan da aka haifa, ruwa-biyu, waɗanda Faransawa ke kira metis, su suka fi shan wahalar wannan tsari. Gwamnati kan karɓe su daga hannun uwaye ta kai gidajen reno da ta sa wa suna gidan marayu, alhali uba na raye a Faransa, uwa na raye a ƙauye. Akwai irin wannan gida a Zindar. A can ake koya wa maza aikin ofis da na asibiti, mata kuma ungozoma da ɗinki. Sai da dokar 5 ga Satumba 1930 ta fito sannan ɗan da ubansa bai amsa shi ba ya samu hanyar neman zama ɗan ƙasar Faransa a kotu. Wasu sun yi fice: Georges Condat, haifaffen Maraɗi a 1924, ya wakilci Nijar a majalisar Faransa daga 1948, ya kuma shugabanci majalisar yankin a 1957.

Akwai hafsa ɗaya da ya yi aiki a wannan ƙasa wanda rayuwarsa ta kusa zama ta mai kama wuri. Henri Gaden, haifaffen Bordo a 1867 a gidan 'yan kasuwa masu hulɗa da Senegal, yana cikin waɗanda suka kama Samori, sarkin da ya daɗe yana yaƙar Faransa, a 1898. Ya riƙe Zindar a matsayin razdan har 1903, ya rubuta bayani kan ƙasar, ya ɗauki hotuna da har yau masana ke amfani da su. Daga nan ya yi Bagirmi, ya yi Butilimit, ya zama gwamnan Muritaniya daga 1916 zuwa 1926. Da ya yi ritaya bai koma gida ba. Ya zauna a Sanluwi ta Senegal da matarsa baƙa, Kumba Sise, yana rubutu kan Fulatanci, ya wallafa tarin karin maganar Fulani a 1931, a can ya rasu a 1939. Sai dai a lura: ko shi da ya zaɓi zama, bakin teku ya zaɓa, a garin da ya shekara ɗaruruwa da Turawa da ruwa-biyu. Bai dawo Damagaram ba.

Inda ra'ayi ya rabu

Hafsoshin da suka rubuta tarihin kansu sun ce sun tarar da ƙasa cikin hari da cinikin bayi, sun kawo kwanciyar hankali, suna kuma kafa hujja da dokar hana bauta ta 1905. Masana tarihi na Nijar, irin su André Salifou ɗan Zindar da Kimba Idrissa, sun fito da ɗaya fuskar: ƙone garuruwa, ƙwace raƙuma da hatsi, haraji a cikin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da gudun jama'a zuwa ƙasar Ingilishi. Finn Fuglestad, ɗan Norwe da ya wallafa tarihin Nijar a 1983, ya kawo ra'ayi na uku, cewa kafin 1945 mulkin Faransa a nan siriri ne ƙwarai, bai ratsa rayuwar talaka can ciki ba.

Ra'ayin nan na uku yana da gaskiya ta fuskar adadi, amma yana iya yaudarar mai karatu. Ƙarancin Turawa bai rage nauyi ba, sauya hannun da ke ɗora shi kawai ya yi. Da ya kasance babu isassun Turawa, sai aka sakar wa sarkin kanto da garda da tafinta mara, kowa ya ci rabonsa a kan talaka.

Game da baƙin soja kuma, wasu na kiran su maciya amana. Kalmar ba ta zauna daidai ba a kan bawan da aka saya a Segu aka sa masa kaki, wanda bai taɓa jin sunan Muniyo ba balle ya ɗauki amanarta. Haka kuma ba za a wanke su tas ba, tunda bulala a hannunsu take, kuma akwai waɗanda suka yi arziki da ita. Batun matan ma haka: akwai wadda ta fita da shanu da gida, akwai wadda aka raba da ɗanta ba ta ƙara ganin sa ba, kuma kusan duk abin da aka rubuta a kansu maza Turawa ne suka rubuta.

Abin da ya biyo baya

Da yake babu gonakin Turawa, Nijar ta karɓi 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 ba tare da yaƙin fili ba. Kwaruruka da jigayin Muniyo suna hannun masu su. Rigingimun filin da ake yi yau tsakanin manomi da makiyayi ne, ko tsakanin magada. Abin da aka gada shi ne tsarin: an soke andijena da aikin tilas a 1946, gyaran 1964 ya mayar da sarkal zuwa arondisma, amma kujerar kumandan ta zama ta sufurefe sannan ta furefe, har yau a wurare da yawa talaka na kiran mai ita kumandan, gardawan bariki kuma suka rikiɗa suka zama rundunar gadi ta ƙasa.

Tsofaffin sojan da suka yi wa Faransa yaƙi sun ga nasu sakamakon a aljihu. Dokar Disamba 1959 ta daskarar da fanshonsu a kan kuɗin wancan lokaci, na abokan aikinsu Turawa kuma ya ci gaba da hawa. Sai bayan hukuncin kotun ƙoli ta harkokin mulki a Faransa a 2001, kan ƙarar wani tsohon soja ɗan Senegal mai suna Amadou Diop, aka fara gyara, ba a kuma daidaita gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Yanzu da ake sake lale, aka canza sunayen tituna a Yamai a watan Oktoba na 2024, titin De Gaulle ya koma na Djibo Bakary, akwai yiwuwar hira ta gangaro kan asalin iyalai: wane jikan garda ne, wance jikar Nasara ce, wane sunansa na Mali ne. A nan ne ruɗanin da aka fara da shi zai iya yin ɓarna, domin wanda ya ɗauka an yi 'yan kama-wuri-zauna a ƙasar zai tashi neman su, kuma waɗanda zai tarar maƙwabtansa ne da suka yi auratayya da Mangawa da Hausawa da Fulani shekara ɗari da ɗoriya. Takardun barikin Gure, rahoton rangadi da littafin ƙidaya, suna ajiye a gidan adana tarihi na ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Eks ta Faransa. Ɓangaren mata da na gardawa kuwa yana bakin jikokinsu a unguwannin Gure da Zindar, kuma masu shekarun da suka ji daga bakin kakanni kai tsaye sun fara ƙaranci.